Kafaɗar Hagu a Birnin Roma

Da sunan Wanda Ya fitar da ni daga Makka Ya kuma maido ni nake buɗe baki. Ban iya riƙe alƙalami ba, ban kuma taɓa jin kunyar haka ba. Ina faɗa ne ana rubutawa, na kuwa ja kunnen mai rubutun kada a gyara mini magana.

Ni ce Hajja Rabi ta Utaibiyya. A unguwar aka haife ni, a nan aka ɗaura mini aure, daga nan aka ɗauki gawar malam mijina. Mahaifina da ƙafarsa ya zo daga ƙasar Kano, ya yi hajji ya ce shi ya iso. Shekara arba'in da ɗoriya ina dafa wa alhazai abinci a Arfa da Mina, irin tukunyar da sai ƙarti biyu ke sauke ta. Don haka ni ban san baƙunci ba. Duniya ce ke tasowa ta same ni a bakin murhuna. Na sha ganin ƙaton mutum da gemunsa yana kuka don ya rasa tantinsu, in sa shi a gaba in kai shi, ina tafe ina yi masa faɗa: "Babba da kai, ya Hajj, a ce ka ɓata?" Ko cokali ban taɓa yarwa a Arfa ba, balle mutum. Haka nake faɗa a gidan biki, haka nake faɗa a gidan makoki.

'Yata Maimuna ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren ido. Wurin aikinsu ya tura ta Roma, ƙasar Italiya, ƙarin koyo na sati shida. Mijinta aiki bai sake shi ba, ga yara biyu. Babbar shekararta bakwai, sunan mahaifiyata ta ci, saboda haka bakina bai taɓa kama sunanta ba. Inna nake ce mata, kowa ya bi ni. Ƙaramar Jumana, shekara uku, ba ta barci sai da kunnen uwarta a hannu. Aka rasa yadda za a yi, na ce to ni aikin me nake yi? A yanko mini tikiti.

Abin da ya fara tarbata a Roma sanyi ne, irin mai shiga ta ƙasan abaya ya nemi gwiwa. Na biyu ma'aikacin da ya karɓi fasfona. Ya dubi koren bangon, ya dubi baƙar fuskata, ya sake duban bangon. Wannan kallon ba baƙona ba ne, tun a gida na san shi. Na tsaya ƙyam ni ma ina dubansa, har ya gaji ya buga hatimi.

Mai taksin da ya ɗauke mu mutum ne mai fara'a, yana tuƙi yana magana da hannu biyu, Allah kaɗai ke riƙe da sitiyari. Da tafiya ta yi tsawo na taɓa Maimuna.

"Ke, wannan dokin dutsen sau biyu ke nan muna wuce shi."

"Ya ummi, garin nan duk dawakan dutse ne."

"Duk kuma kunnensu na dama a karye yake?"

Ta duba wayarta, ta yi masa magana da Turanci ba wasa. Nan take ya gano hanya. Ban yi fushi sosai ba. Direbobin unguwar Shisha ta Makka ma haka suke yi wa baƙi in lokacin hajji ya zo. Ni ce dai ban taɓa zama a kujerar baƙon ba.

Gidan da aka ba mu hawa na huɗu ne, ba na'urar hawa, sai matakalar dutse wadda ƙafafun mutane suka lotsa tsakiyarta. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya karya ni shi ne la'asar ta yi ban ji komai ba. Na jira, na jira. Sai ƙararrawa, nan ƙararrawa, can ƙararrawa, kamar ana kiran yara makaranta. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa tambayar wani ko lokaci ya yi ba. Ladanai goma ke rige-rigen gaya mini. Na ce to ina alƙibla? Maimuna ta shimfiɗa waya a tafin hannu tana juyi da ita a tsakar ɗaki, can ta nuna mini lungun da injin wanki yake. Ni da in na hau rufin gidanmu hasken Harami nake gani da idona, yau ga ni gaban injin wanki ina kabbara. Na yi sallar, amma sai da hawaye ya jiƙa mini darduma.

Allah Ya saka wa maƙwabciyata Hajja Asabe. Da na kira ta na gaya mata, ba ta ce komai ba sai "Bari." Daga ranar, duk magaribar Makka sai ta kira ni, ta miƙa wayarta ta taga, ta bar ni da ladanin unguwarmu, mai shaƙaƙƙiyar muryar nan da muka shekara muna yi wa tsiya. Lokacinmu da nasu bai zo ɗaya ba, amma ina amsa masa har ƙarshe.

Ranar hutun Maimuna ta farko muka fita ganin gari. Gaskiya tsofaffin mutanen nan sun yi gini. Duk inda ka juya dutse ne a kan dutse, an sarrafa shi kamar kwaɓin alkama. Kunya ce dai Allah bai ba su ba. Muka shiga wani fili, ga mutum-mutumin wani ƙato tsirara, yana kokawa da kifi. Na ja mayafi na rufe wa Jumana fuska, na miƙa ɗaya hannun in rufe idon Inna, ta zille.

"Sitti," haka suke kirana, kaka ke nan da Larabcinsu, "wannan ko ihrami bai samu ba, miskin."

Maimuna ta yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Ku yi ta yi. Ni dai ban ratso teku don kallon wanda ya rasa wando ba."

Keken da muke tura Jumana a ciki bai kai azahar ba. Titunansu ƙananan baƙaƙen duwatsu ne aka jera kamar haƙoran tsoho, ƙafar keken ta faɗa tsakani ta ɓalle. Maimuna ta tsaya neman shagon gyara a waya. Na ce miƙo mini ita nan. Na sunkuya, na ɗora yarinya a baya, na zare babban gyalena na ɗaure tam. Turawa suka tsaya kallo, wata har da ɗaga waya. Na harare ta, ta sauke. Jumana kuwa kafin mu kai ƙarshen layi ta yi barci.

Abu ɗaya ya sanyaya mini zuciya da garin: ruwa. A kowace kusurwa akwai ɗan famfon ƙarfe yana zuba ba tsayawa, ba mai gadi, ba mai karɓar komai. Na tsaya ina dube-duben kofi, sai wata dattijuwa ta matso, ta toshe bakin famfon da yatsa, ruwan ya yi tsalle ta wata 'yar huda a sama, ta sunkuya ta sha, ta yi mini alama in gwada. Na gwada, ya wanke mini fuska har cikin hanci. Ta yi dariya, na yi. Na ce wa Maimuna, "Ashe su ma suna da sabil, ruwan sadaka." Ta ce ai na hukuma ne. Na ce ko na wane ne, wani ne ya fara tuna mai ƙishirwa.

To akwai wani tsohon gini da Inna ta ƙwallafa rai a kai tun muna Makka, a littafin makaranta ta gan shi. Kolosiyo suke ce masa. Zagayayye ne, ƙato, gefe guda ya zube, jikinsa duk ƙofofi a kan ƙofofi. Wai a ciki mutanen wancan zamanin suke haɗa mutum da zaki su zauna kallo. Uwar ta yi mata alkawarin Asabar ta uku. Ranar na zuwa aka kira ta wurin aiki tun da safe. Inna ba ta yi kuka ba, ta dai je ta zauna bakin taga da jar rigar sanyinta da takalmi a ƙafa. Wannan ya fi kukan ci mini rai.

Na ce, "Ni zan kai su."

"Ya ummi, cunkoson wurin ba kaɗan ba ne. Ga shi ba kya jin yarensu."

"Cunkoso? Ni za ki gaya wa cunkoso? Kin taɓa saukowa daga Arfa da tukunya a ka, ke kuma a bayana?"

Ta san ba ta iya ja da ni. Bas ɗaya ce daga ƙofar gida har wurin, mun sha hawanta. Ta rubuta sunan unguwa da lambar wayarta a 'yan katuna biyu, ta zura musu zare, ta ce a rataya wa yaran a wuya. Na karɓa na ce to. Tana sauka na jefa su cikin jaka. Wai jikokina ba alhazan ƙauye ba ne da za a rataya musu alama. A rubuta wannan yadda na faɗa, kada a rage.

Mun isa da hantsi. Mutane kam akwai su, kowace ƙabila, kowane ayari da mai riƙe da 'yar tuta a gaba, sak masu jagorar alhazai. Har na ji kamar na dawo gida. Jumana na baya, Inna na riƙe da gefen abayata tana ƙirga ƙofofi. Sai ga wasu maza biyu sun yi shigar sojojin da, da hular ƙarfe mai jan gashi a sama kamar tsintsiya. Ɗaya ya zagayo bayana yana wasa da Jumana, ya kifa mata hularsa, ɗayan ya karɓi wayata da murmushi ya ɗauke mu hoto. Na ce ka ga mutanen kirki. Na miƙa hannu in karɓi waya, ya ɓoye ta a baya yana murza yatsu. Ashe sana'a ce. Na ba shi abin da ya sauwaƙa, ya ce bai isa ba. To ni ba a yi mini haka. Na sauke masa Larabci, na bi da Hausa, na damƙe takobin robar da ke rataye a ƙugunsa sai da ya sakar mini wayata. Na juyo ina huci ina cewa, "Inna, kin ga yadda ake yi da irin..."

Ba Inna.

Ban firgita nan take ba. Na ce tana bayan wancan ayarin. Na leƙa, babu. Na kira, muryata ta nutse cikin surutun mutane. Na dubi gefen abayata inda hannunta yake, yadin ma bai gama warwarewa daga riƙon yatsunta ba.

Sai na tuna abin da na koya mata, na ɗan ji sanyi. Duk yaron gidanmu, ranar da aka fara kai shi Harami, akwai karatun da nake yi masa. In hannunka ya kuɓuce a wurin dawafi, kada ka tsaya, za a tattake ka. Kada ka juya baya, ba a tarar dawafi gaba da gaba. Kada ka kula kowa. Ka ba Ɗakin Allah kafaɗarka ta hagu ka yi ta tafiya, ni zan cim maka ta baya. Da wannan na raini 'ya'ya shida, ba wanda ya taɓa yini a hannun askar, 'yan sandan Harami. Inna kuwa yarinya ce mai riƙe magana. Ga gini zagayayye, ga jama'a na kewaya shi. Na san abin da za ta yi kamar yadda na san sunana.

Na gyara goyo, na ba ginin kafaɗar hagu, na bi ta.

Zagaye ɗaya na wurin nan ya kusa dawafin saman bene. Duwatsun suna cin tafin ƙafa. Ina tafe ina "Inna! Inna!" sai wani bawan Allah da ya shimfiɗa huluna a ƙasa yana sayarwa ya miƙe zumbur.

"Hajiya, lafiya? Wa ya ɓata?"

Hausa! Sati uku rabona da jin ta a bakin wani ba na gida ba. Harshensa irin na mutanen Agadas.

Na ce, "Uwata ce."

"Subhanallahi! Tsohuwa a cikin wannan jama'a? Shekarunta nawa?"

"Bakwai."

Ya buɗe baki yana kallona. Kafin in warware masa aka yi fito daga can, 'yan sanda sun doso. Ya tattare bakin shimfiɗarsa ya saɓa a kafaɗa ya ruga tare da 'yan'uwansa, yana waiwaye yana cewa, "Allah Ya bayyana ta, Hajiya!" Shi ke nan, Hausar ta tafi.

'Yan sandan suka wuce ta gabana, har kafaɗarmu ta kusa gogar juna, ban tare su ba. A Utaibiyya mun sha jin cewa a ƙasashen nan in ka yar da yaro hukuma ce ke karɓe shi, sai ka yi ta shari'a. Ban san gaskiya ne ko ƙarya ba, amma tsoron ya rufe mini baki. Maimuna ma ban kira ta ba sai da na gama zagaye na biyu. Wannan ba tsoro ba ne, girman kai ne. Da na kira kuwa wayar a kashe, tana ɗakin aiki.

Jumana ta motsa a bayana. "Sitti, ina Inna?"

"Tana gaba."

"Wasa muke yi?"

"Wasa muke yi, ki yi shiru mu kama ta."

A zagaye na uku gwiwata ta dama ta fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Duk jan abin da na hango sai zuciyata ta buga: jar jaka, jar hula, jar rigar wani ƙaton Bature. Katunan nan biyu da ke jakata kuwa, takarda ce da ba ta kai tafin hannu ba, amma wallahi sun fi tukunyar Arfa nauyi. Yarinya ba ta jin yaren garin, ba ta san sunan unguwa ba, ba komai a jikinta da zai ce ga ɗiyar wane. Na ce, "Ya Rabbi, in bakina ne ya jawo, ni Ka kama. Ita ba ta faɗi komai ba."

Akwai wani dattijo a gefen hanya yana gasa abu farwa, 'ya'yan itacen nan masu ɓawo ruwan ƙasa da ke shigowa kasuwanninmu lokacin sanyi, a kan faffaɗan faranti bisa garwashi. Tun zagayen farko idona ya faɗa kansa, don wanda ya yi aikin wuta ba ya wuce wutar wani bai duba ba. Garwashinsa gefe ɗaya ya tara, da yatsa yake juyawa ba cokali; na san ya daɗe a sana'ar. A zagaye na huɗu sai ya fito daga bayan farantinsa ya tsaya a gabana ya ware hannuwa.

Na ce, "Ba ni hanya, ya shaihu, ba saye na zo ba!"

Bai motsa ba. Ya sa tafin hannu daidai ƙugunsa, tsayin yaro. Ya kama gefen kansa biyu, alamar kitso. Ya taɓa jan ƙyallen da ke wuyansa.

Na cafke hannun rigarsa. "Ina take? Ina?"

Ya nuna gaba, inda na dosa, ya ɗaga yatsu uku. Sau uku ta wuce shi. Na zabura zan bi, ya riƙe igiyar jakata, ya ja ni bakin farantin. Na kusa marinsa. Ya share tsakiyar farantin, ya kifa gwangwanin awonsa a wurin, ya nuna ginin. Ya ɗauki abu farwa babba ya nuna ni, ya ɗauki ƙarama ya nuna tsayin yaro. Ya ajiye ɗaya a nan, ɗaya a can bayan gwangwani. Sai ya shiga tura su da yatsu, babba na bin ƙarama, ƙarama na bin babba. Sau ɗaya. Sau biyu. Sau uku. Ya ɗago ya dube ni. Ba su haɗu ba. Ƙafarta gajera, tawa mai ciwo ga goyo, tafiyarmu ta zo ɗaya. Da haka za mu kai faɗuwar rana, gini na tsakaninmu.

Sai ya ɗauki babbar ya juya ta, ya tura ta ta ɗaya hannun. Ƙwas, suka yi karo.

Kunya ta lulluɓe ni tun daga ka har ƙafa. Abin da Jumana ma za ta gane. Amma ku fahimce ni: shekara sittin da takwas ban taɓa kewaya abu ta dama ba. Ko murhu zan zagaya, hagu nake ba shi. Ba wai na yi tunanin juyawa na ƙi ba ne. Hanyar ce sam babu ita a cikin kaina.

Na juya. Na ba ginin kafaɗar dama, ƙafafuna na yi mini gardama kamar na sa takalmi a juye. Ban yi rabin zagaye ba na hango ja, wannan karon nawa. Tana tafe a tsakiyar mutane, kanta a miƙe, hannuwanta naɗe a ƙirji yadda nake sa su yi don kada a ja su, leɓunanta na motsi. Igiyar takalminta ɗaya ta kwance tana ja a ƙasa. Ba ta gan ni ba, don ba ta gaba take tsammanina ba. Duk 'yan taku sai ta saci kallon baya ta kan kafaɗa.

Na zube a gabanta kan duwatsun nan, gwiwar da ba ta lanƙwasuwa ta lanƙwasu. Ta yi turus.

"Sitti! Ta nan kika zo? Kin yi dawafi a juye!"

"Na yi, uwata."

"Ba kyau fa."

"Wannan ba Ɗakin Allah ba ne, Inna. Ginin masu zaki ne. Ni ce ban gaya miki ba."

Ta ɗago ta dube ni. "Ban tsaya ba. Wani ya miƙo mini abu ban karɓa ba. Wata mata ta riƙe ni na fizge. Kin ce za ki cim mini. Kin daɗe, Sitti."

Sannan ta fashe, ta cusa kai cikin abayata, Jumana ta taya ta daga baya, ni ma na taya su. Jama'a na ratse mu ta kowane gefe. Kafin in miƙe na zaro katunan na rataya wa kowacce nata. Da akwai na uku da na rataya wa kaina.

Muka koma ta wurin dattijon. Yana hango mu ya ɗaga hannuwa sama ya faɗi wani abu da ƙarfi, ban san me ya ce ba amma na amsa da amin. Ya naɗe takarda ya cika da abu farwa ya miƙa wa Inna. Ta ɗago ta dube ni. Na ce, "Wannan karɓi." Na buɗe jaka, ya ɗaure fuska ya kaɗa mini yatsa.

Maimuna ta dawo da la'asar, a guje ta hawo benen don ta ga kirana a waya. Tun ba ta cire takalmi ba na gaya mata komai, har da maganar katunan. Ta zame ta zauna a ƙasa, ta jawo Inna ta rungume. Ina tsaye ina jiran abin da na cancanta. Can ta share ido ta ce, "Ya ummi, ni ma karatun da kika yi mini ke nan. Da ni ce a wurin, hagu zan bi." Allah Ya yi wa yarinyar nan albarka. Ta samu dama a kaina ta ƙi ɗauka.

Washegari na ce sai an mai da ni wurin dattijon. Na dafa shinkafa da kaza irin wadda nake yi wa manyan baƙi a Mina, na haɗa da dabinon Madina da na zo da shi. Muka same shi yana hura wuta. Maimuna ta shiga tsakani, da guntun Turancinsa da guntun yarensu da ta tsinta. Na ce ta gaya masa ni mutuniyar Makka ce, kuma muddin ina numfashi yana cikin addu'ata. Ya dafa ƙirji ya sunkuyar da kai. Ya buɗe kwanon ya shaƙa, ya lumshe ido, ya sa yatsu ya ɗiba, ba ruwansa da cokali. Na ce madalla, ɗan sana'a.

Sai ya shiga magana yana nuna Inna. Maimuna ta ce wai tun yana da baƙin gashi yake wurin nan, ba ranar da ba ya ganin yaron da ya ɓata. Duk kuka suke yi, ko su tsaya wuri ɗaya, ko su yi ta gudu nan da can. Bai taɓa ganin wadda ta wuce shi sau uku kamar soja ba, ya kira ta ko waiwaye, ya miƙa mata abinci ko kallo. Da ya ga tsohuwa da goyo tana tafiya iri ɗaya, kafaɗa iri ɗaya, sai ya ce waɗannan gidansu ɗaya.

Maimuna ta juyo, dariya na neman kuɓuce mata. "Ya ummi, wai wa ya koya mata? In ce masa wa?"

Na gyara mayafina. "Ki ce masa ni ce. Ki ce ni na koya mata tafiya. Juyowa kuwa ni ma jiya na koya, a bakin farantinsa."

Ta faɗa masa. Ya yi dariya har da tari, ya sa hannu cikin farantin ya zaɓo biyu, ƙaramar ya ba Inna, babbar ya miƙo mini. Na ɓare tawa a wurin na jefa a baki da zafinta. Ta ƙone mini harshe sosai, na kuwa tauna ta haka na haɗiye.